Kifin da Aka Wanke a Attantane

Tasawa, biyar da rabi

Ina sallame sallar asuba na nufi tasha. Ni malamin kimiyyar halittu ne a kwaleji, kuma mako biyu ke nan ɗalibaina suna mini dariya don na ce jerin ƙashin hannun dabbobi ya samo asali daga fukafukin kifayen dā. Sai Baba Ɗanjimma, mai haƙar rijiya a Attantane, ya sa aka turo mini hoton wani dutse da ya tono a zurfin gaba ashirin: kifi kwance a ciki, ƙaya-ƙaya, har da fukafukinsa. Na yi wa aji alkawarin kawo shi ran Litinin.

Mayahi, tara da kwata

Motar mutum tara aka cusa mu goma sha biyar, ga akuya a kan ƙafata. Jandarmomi suka tsare mu minti arba'in kan takardar direba. Shi kuwa direban, da ya ji abin da ya fito da ni, sai tsokana, yana kirana Mushe yadda ake kiran malaman boko: "Mushe, kihi za ka nema bisa tudu?" Na sha koko a tsaye, na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Attantane. Sau biyu rairayi ya kayar da mu.

Attantane, azahar

Baba Ɗanjimma ya shimfiɗa tabarma, aka kawo fura. Matarsa, Inna Hajo, ta fito da dutsen a naɗe cikin sabon zane. Na buɗe. Fari fat, sumul.

"Inna, ina kifin?"

"Ai ba a miƙa ma baƙo abu da dauɗa, ɗana. Tun jiya nike dirza shi da toka da rairai, kamar tukunya, har baƙin zanen nan ya hita duka."

Raina ya ɓaci. Abin da ƙasa ta adana shekarun da ba sa ƙirguwa, yini ɗaya ya gama da shi! Kuma laifin nawa ne. Sau uku na yi waya ina tambayar hanya, ban taɓa cewa kada a taɓa dutsen ba. Ta nuna mini yatsunta, duk sun saɓule.

"Sannu da aiki, Inna," na ce.

Tasawa, bayan magariba

Na iso gida lafiya, alhamdu lillahi. Na gode wa mutanen Attantane da karamcinsu, ita ma Inna na gode mata a gabanta har sau uku. Da Litinin ta zo na ɗora dutsen a tebur, ɗalibai suka miƙe suna leƙe, ni kuma na juya na fara zana kifin a allo da alli.