Kyamarar Malam Giɗaɗo Ta Daina Zuwa Kura

Duk ranar Alhamis, da an idar da sallar Azahar, sai ka hango Malam Giɗaɗo ya taso daga Kano a kan tsohon babur ɗinsa, kyamarar gidan talabijin ɗaure a baya, an naɗe ta da bargo kamar jaririya. Yakan bi bakin kanal ɗin ban ruwa, ya ratsa gonakin shinkafa da tumatir, har filin makarantar da ake wasa a wannan makon, Kura ce ko Bunkure ko Dawakin Kudu. Ba ya da mumbari. Teburin aji yake ara ya hau, ya tsaya cikin rana har alƙalin wasa ya busa tashi. Ranar Asabar da yamma kuma a nuna wa duk jiha ƙwallon makarantunmu.

Ni malamin wasanni ne a Bunkure, saboda haka ba labari aka ba ni ba. Masu cewa ai ɗaukar hoto kawai yake yi, Allah ya shirye su, ba su san yankinmu ba. A nan, ranar da layin ruwa ya zo kan gonar mutum, babu biki babu wasa, kowa na gidan sai ya fita ban ruwa. Gasar makarantu kuwa da rani ake yin ta, daidai lokacin da uba ya fi buƙatar hannun ɗansa.

Na tuna shekarar da muka kai wasan kusa da na ƙarshe, Alhaji Dattijo ya riƙe ɗansa Jamaluddeen, mai tsaron ragarmu. Na je na yi magiya, ya ce, "Malam, yau ruwana ne. Tumatir ɗina zai jira ƙwallo?" Na dawo a sanyaye. Malam Giɗaɗo ya ji, ya ce in riƙe masa kyamara. Ya tattare wando ya shiga gona, ya nemo Maikano, maƙwabcin Alhaji, ya lallaɓa shi suka yi musayar ranar ruwa. Sannan ya koma ya durƙusa ya ce, "Baba, ka ba ni aron yaron nan. Jibi ka je shagon mai shayi ka ga abin da ka haifa a talabijin."

Asabar ɗin nan ina wurin. Da Jamaluddeen ya yi tsalle ya ture bugun fanareti, Alhaji Dattijo ya miƙe har hularsa ta faɗi, yana cewa, "Ku matsa, ku matsa! Nawa ne wannan!" Daga ranar bai sake hana shi ba. Haka Malam Giɗaɗo ya riƙa yi gona bayan gona, shekara da shekaru, ba a cikin albashinsa ba.

Kai ne, Malam Giɗaɗo, ka sa manomi ya yarda ɗansa ya bar kwamin ban ruwa ya sa takalmin ƙwallo. Kai ne ba ka taɓa yanke wasan ƙauye don na birni ya samu wuri ba. Na Kura, mai tsayuwar rana!

To, bara aka kawo sabon manaja gidan talabijin ɗin, da umarnin a rage kashe kuɗi. Aka duba man fetur da kaset da alawus, aka ga ƙwallon Turai da ake jawowa ta tauraron ɗan'adam ya fi kawo talla. Yarjejeniyar da ke tsakaninsu da kwamitin wasannin makarantu ta ƙare, aka ƙi sabunta ta. Waɗanda ke ofishin sun shaida mini Malam Giɗaɗo ya shiga ya ce, "Ranka ya daɗe, mai ni zan zuba. Ku bar mini rabin awa kawai." Aka ce masa, "Malam, babu wanda zai ba da talla a kan wasan yara." Bayan 'yan watanni aka miƙa masa takardar ritaya, har da lemo da tafi. Abin ya ba ni haushi, har yau yana ba ni.

Na ji ana cewa kwamiti zai nemi wani gidan talabijin ya sayi izinin nuna wasannin. Wa zai saya? Yaranmu da kansu sun haddace sunayen 'yan wasan Ingila, amma ka tambaye su wa ya ci kofin yanki bana, sai su tsaya kallonka.

Gaskiyarsu kuma, don ba wanda ya ci. Ranar wasan ƙarshe a Bunkure, ƙungiyarmu ba ta cika ba. Na bi gonaki kamar yadda na ga yana yi, ko'ina amsa ɗaya: "Tunda ba a nunawa, wa zai gani? Ya tsaya ya yi ban ruwa." Aka soke wasan, aka mayar da kofi cikin kwalinsa.

Malam Giɗaɗo ya zo ranar, hannu rabbana, sai sa hannu yake a aljihu yana fitarwa. Yaran da suka samu zuwa suka raba kansu biyu suka buga don kada su koma haka. Cikinsu akwai Sammani, ɗan aji huɗu daga Kura, wanda ya yanke mutum uku ya ɗaga ƙwallo ta kan gola. Na juya zan yi ihu, sai na ga idon Malam ya kawo ruwa. Ya ce, "Malam, tunda nake aikin nan ban taɓa ɗaukar kamar yaron nan ba."

Mun gode, Malam Giɗaɗo. Allah ya saka da alheri, ya ba da lafiyar cin hutun da ba ka nema ba. Ku kuma masu injinan casar shinkafa da dillalan tumatir da albasa, talla aka ce babu, to ku ne masu talla. Ku je ku tsaya wa yaran nan kamar yadda ya tsaya musu. Ku yi sauri, don baban Sammani ya ce daga wannan rani yaron ya gama ƙwallo, kuma bai taɓa ganin ɗansa yana wasa ba.