Ɗigon da Harisu Ya Sa a Gonar Jatau

Harisu bai iya zama ba. Tun yana yaro uwarsa ke cewa ko tuwo a tsaye yake ci. Shekara tara ke nan yana yi wa likitar garinsu, wato ƙaramin asibitin da ke kusa da Maijirgi, aikin zagayen ƙauyuka a kan tsohon moto, wato babur, yana ƙidaya jarirai, yana yi wa iyaye faɗa.

Bara da rani aka ba shi waya daga Tasawa, aka ce duk gidan da ke da yara ya tsaya a ƙofarsa ya danna, ɗigo ya fito a taswira. Da taswirar za a tsara rabon maganin rigakafin zazzaɓi idan damina ta faɗi. Harisu ya ji daɗi har kunne. Ko rugar su Bintu, makiyayan da suka sauka a gonar Jatau shanunsu na zuba taki, sai da ya je ya danna, ya rubuta 'yarta Zulfa mai shekara uku.

Ɗan manomi ne fa, ya san da ruwa ya sauka mai gona zai yi shuka, makiyayi ya kwashe kayansa. Zumuɗin waya ya mantar da shi.

Ranar rabo ya bi ɗigon, ya tarar da gero ya kai gwiwa, babu ko bukka. Majo, shugaban likitar, ya ce esansin da aka bayar, wato man moto, na wuraren da ke taswira ne, ya haƙura. Ina haƙuri? Kunya da tsoro suka hana shi sakat, don shi ya sa ɗigon, kuma sauro ba ya jiran kowa. Ya sai da buhun wake ya zuba mai. Kwana uku yana tambaya bakin rijiyoyi da kasuwar Urafan, wannan ya ce sun yi arewa, wancan ya ce yamma.

Rana ta huɗu ya same su bayan garin Sarkin Hausa. Zulfa na kwance, jiki rau da zafi, rigakafi ba zai yi mata komai ba yanzu. Ya ɗora uwa da 'ya a moto, suka nufi likita. Sun yi nisa kafin Bintu ta yi magana, ba da faɗa ba.

"Ran da ka zo, waya kake ta kallo. Da ka tambaye ni, da na hwaɗa ma ran da za mu tashi."