Digirina Cikin Kayan Miya

Muna shiga dajin Birnin Gwari direba ya kashe rediyo, mota ta yi tsit. Ina rungume da takardar digirina na rubutu, zan je Kaduna neman aiki.

Dattijuwar da ke gefena ta taɓa ni. "Ɗan nan, ɓoye takardar nan. In mutanen daji suka gan ta, kuɗin fansarka sai ya ninka."

Na ce, "Inna, ko sisi ba ta taɓa kawo mini ba."

Ta ce, "Su ai ba su sani ba."

Na cusa ta cikin jakar kayan miyarta. Mun wuce lafiya. Ashe masu garkuwa kaɗai za su yi wa karatuna farashi.

Ku me kuke ɓoyewa a hanyar nan?