Kabari Mai Lamba Goma Sha Huɗu

Suwailim, wanda kowa ke kira Abu Mifleh, a cikin kogon tagulla aka haife shi, kuma ba shi kaɗai ba. A kwarin Faynan da ke kudancin Jodan, kafin a gina ƙauyen bulo, duk lokacin sanyi makiyaya kan kwashe iyali da awaki su shige ramukan da mutanen zamanin da suka haƙa wajen neman tagulla, su zauna har gari ya yi ɗumi. Uwarsa ta ce shekarar fara aka haife shi. Katin shaidarsa ya ce ɗaya ga Janairu, 1950, kamar na duk sa'o'insa.

Bai taɓa shiga aji ba. Amma ya san kowane rami a kwarin, wanda akuya ke faɗawa da wanda maciji ke kwana, ya kuma san tsibin kashin maƙera baƙi ƙirin da ba ya tsirar da ko ciyawa.

A 1975 ya auri Wadha, 'yar baffansa. Mace ce mai yawan dariya, tana da wata ɗabi'a guda: in ta fita kiwo sai ta dawo da bakin mayafinta cike da korayen duwatsun nan na tagulla, ta jera su a bakin murhu. Yakan ce mata, "Ke, da ana cin su da mun fi kowa ƙiba." Ita kuma ta ce, "Kai ma ba a cinka, ga shi na ajiye ka."

Cikin sanyin 1981 naƙuda ta kama ta, ranar da ruwan sama ya cika kwarin ya batse, ba hanyar mota ba ta raƙumi. Yaron ya rayu, shi ne Mifleh. Ita ba ta kai la'asar ba. Maza shida suka rufe ta taku arba'in daga bakin kogon, suka tara duwatsu a kai kamar yadda ake yi, ba rubutu ba suna. Suwailim ya kwaso korayen duwatsunta duka ya zuba a saman.

Shekara biyar bayan haka masu binciken tarihi suka zo, Turawa uku da tafinta da wani ma'aikacin rajista mai babban littafi. Suka ɗauki Suwailim jagora. A rana ta tara suka iso wurin tsibin duwatsun da ke kan Wadha, ga leburori takwas a tsaye, rabinsu ba 'yan kwarin ba ne. Tafinta ya nuna da sanda.

"Abu Mifleh, wannan fa? Kabarin wa ne?"

A wurin mutanen kwarin namiji ba ya kiran sunan matarsa a gaban baƙin maza, ko tana raye ko ta mutu. Abin kunya ne, kamar ka yaye mata mayafi a kasuwa. Suwailim ya dubi leburorin, ya dubi sandar da ke taɓa duwatsun.

"Tun da can yake nan," ya ce. "Ban san mai shi ba."

Ma'aikacin ya rubuta: lamba goma sha huɗu, tsohon kabari, tsayin tsibi santimita casa'in, mutanen wurin ba su san mai shi ba. Ya sa sunan wanda ya faɗa. Suka wuce gaba, Suwailim kuma ya manta da zancen, don a ganinsa ya rufa wa matarsa asiri.

Ya yi wa masu bincike aiki shekara ashirin da biyu, duk bazara, har gwiwa ta hana shi shiga rami. Ya koma ƙauyen bulo, ya sake aure. Mifleh ya tafi birnin Akaba tuƙin babbar mota.

A 2012 aka buɗe kogon ga masu yawon buɗe ido. Aka share hanya, aka sa tsani na ƙarfe, aka kafa alluna. Ƙungiyar ƙauye ta ba Suwailim wurin dafa shayi a bakin kogon. Allo na uku a kan kabarin aka kafa shi. Da yake ba ya karatu, sai da ya yi wata biyu kafin ya tambayi Rakan, ɗan ƙanensa, wanda ya yi jami'a ya samu lasisin jagoran baƙi.

"Me aka rubuta a can?"

"Kabarin ɗaya daga fursunonin Rumawa ne, Baffa. Waɗanda ake ƙwaƙule wa ido ɗaya, a yanke musu agara, a tura su haƙa. Baƙi suna son wurin sosai. Jiya wata tsohuwa har kuka ta yi."

"Kai ka san ko wace ce a ciki."

"Na ji ana faɗa a gida. Amma ba ni na rubuta allon ba."

"Kai kake karanta musu shi da bakinka."

"Baffa, in na ce musu matar baffana ce ta rasu a tamanin da ɗaya, wa zai taso daga Jamus ya zo gani?"

Kukan baƙi bai dame shi ba. Hannunsu ne ya dame shi. Kowa ya gama ɗaukar hoto sai ya sunkuya ya zari koren dutse ɗaya ya sa a aljihu, tsaraba daga kabarin fursuna. Kafin shekara ta zagayo, duwatsun da Wadha ta tsinto da hannunta ba ko ɗaya. Daga nan suka koma kan na ƙasa.

Sai Suwailim ya fara mayarwa. Kowace Asabar da safe, kafin motoci su iso, yakan hau jaki zuwa gindin dutse ya ciko buhu da korayen duwatsu ya juye a kan tsibin. Baƙi su kwashe cikin mako, shi ya sake kawowa. Shekara shida yana haka. Direbobi na yi masa tsiya: "Abu Mifleh, ka buɗe shago mana, tunda kaya ba sa kwana." Shi dai sai ya naɗe buhunsa ya koma kan shayinsa.

A watan Maris na 2019 aka turo sabon mai kula da wurin daga birni, Ustaz Nizar, saurayi mai tsabta da son aiki. Asabar ɗinsa ta biyu ya tarar da tsohon yana juye buhu. Ranar Litinin aka kira shi ofishin ƙungiya. Akwai shugaban ƙungiya, da magatakarda, da Rakan, da direbobi huɗu da suka shigo shan inuwa suka ƙi fita.

"Baba," in ji Ustaz Nizar, "ba faɗa zan yi maka ba. Amma wurin nan yana cikin rajista. Ba a ɗauka, ba a ƙarawa. Me ya kai ka?"

"Masu ɗauka fa?"

"Su ma za mu sa musu allo."

Wani direba ya yi dariya. Suwailim ya gyara zaman rawaninsa. Shekararsa sittin da tara, bai taɓa yin abin da zai yi yanzu ba.

"Ba fursuna ba ne. Matata ce, uwar Mifleh." Sai ya faɗi sunan. "Wadha. Wadha 'yar Salama."

Direbobin suka sunkuyar da kai. Ɗaya ya tashi ya fita. Rakan ya juya fuska ga bango.

Ustaz Nizar bai yi musu ba. Ya buɗe jakarsa ya fito da kwafin tsohon littafin nan, ya nemo shafin, ya karanta a hankali: lamba goma sha huɗu, tsohon kabari, mutanen wurin ba su san mai shi ba.

"Wanda ya ba da bayani, Suwailim. Kai ne, Baba?"

"Ni ne."

"To wanne zan ɗauka, na wancan lokaci ko na yau?"

"Je ka duba yadda yake kwance. Alƙibla yake kallo. Rumawanku sallah suke yi?"

"Baƙi sun birkita tsibin, ba a gane kai da ƙafa. Akwai wanda ya halarci jana'izar?"

Maza shida ne. Biyar sun rasu, na shida shi ne Suwailim kansa.

"Hanya ɗaya ta rage," in ji Ustaz Nizar, muryarsa a ƙasa. "A buɗe, a ɗauki ƙashi ɗaya a kai gwaji. In ya nuna shekara arba'in, da hannuna zan cire allon."

"Ka tone ta, maza su taru a kanta, a sa ƙashinta a leda a kai birni."

"Ɗan ƙarami ne, Baba."

"A bar allon," in ji Suwailim.

Aka rubuta takarda cewa ba zai ƙara kai dutse wurin ba. Ya dangwala babban yatsa. Da suka fito Rakan ya bi shi yana cewa, "Baffa, bari in kai ka gida a mota." Ya ce jakinsa na jiransa.

Bai bar dafa shayi ba. Daga inda yake zama ana hango tsibin sarai. Yana zuba wa baƙi shayi, su ce masa sun gode da Larabcin da suka koya a hanya, su wuce allo na uku, Rakan ya ba su labarin ido ɗaya da yankakkiyar agara. An kafa ƙaramin allo mai cewa kada a ɗauki dutse. Wasu suna karantawa.

Ya taɓa gaya wa Mifleh cewa in ya mutu a rufe shi kusa da ita. Ya rasu ranar sha ɗaya ga Nuwamba, 2022. Mifleh ya zo daga Akaba ya nemi izini, aka ce masa ba a haƙa a wurin da ke cikin rajista. Aka rufe shi a maƙabartar ƙauyen bulo, kilomita tara daga kogon.

Bara aka sake auna duk abin da ke cikin littafin. Lamba goma sha huɗu ta koma santimita talatin da biyar. A gurbin bayani an kwafe abin da ke tsohon shafin yadda yake, har da sunan wanda ya faɗa.