Uwa Ba Ta Fito Ba

Tun ƙaramar Sallah ban saka ko hoton bulo a shafin nan ba. Masu cewa kasuwa ce ta karye, ku kwantar da hankalinku, injina na aiki. Jinya na yi.

Duk wanda ya san ni a Bukan Sidi ya san ba wanda ya ɗora ni. Ina gama sakandare na fara dakon yashi a ka. Na koyi buga bulo da hannu, na sayi inji, na sayi fili, na gina gida, na haƙa rijiya, na yi aure ban tsuguna a ƙofar wani kawu ba. Ko shebur ban taɓa ara ba. Na faɗi wannan ne don ku gane abin da ya hana ni sukuni yanzu.

Maiɗakina Rabi ta haifi yaranmu uku a gida, a hannun Iya Asabe ungozoma, lafiya lau. Na huɗun ma haka muka tsara.

Ran wata Laraba da hantsi aka kira ni a wurin aiki, ta sauka, an samu mace. Na zo da siminti a jikina, na tsaya a tsakar gida. Mahaifiyata ta leƙo ta labule.

"Inna, barka. Ya mai jikin?"

"Da sauƙi. Sai dai uwa ba ta fito ba tukuna."

"To ina za ta fito yanzu? A bar ta ta huta mana."

Inna ta dube ni kamar za ta ƙara magana, sai ta saki labule. Ni kuwa na koma na ci gaba da lodi.

Maza, ku tsaya a nan. Ranar haihuwa in mata suka ce "uwa", ba matarka suke nufi ba. Mabiyiya ce, abin nan da ke biyo jariri. In ta maƙale, jini ba ya tsayawa. Na girma har furfura ta fito min a gemu, ba wanda ya taɓa gaya min, Inna kuma ba za ta iya buɗe baki ta yi wa ɗanta wannan bayanin ba.

Da azahar na dawo. Ba guɗa, ba masu barka. Zannuwa na gani jiƙe a baho, ruwan ya yi ja wur.

Na ɗaga labulen da namiji ba ya ɗagawa. Rabi na durƙushe, an ba ta kwalba tana hurawa, wai nishin zai turo abin. Leɓenta fari fat. Ta ce, "Baban Abba, duhu nake gani."

Da na ce sai asibiti, Iya Asabe ba ta yi gardama ba, in faɗi gaskiyarta. Ta ce, "Na yi iya nawa, wannan ta fi ƙarfin hannuna. Ɗauke ta."

Keken hayar da na fara tarewa na wani Terna ne, ɗan ƙabilar Tibi. Da ya ga halin da take ciki, fasinjansa ya sauke.

A asibiti komai da gudu. Kati, allura, ƙarin ruwa, sa hannu a nan, sa hannu a can. Likitar ta ce, "Za mu shiga da ita mu cire. Amma jininta ya yi ƙasa sosai, kuma irin nata ba mu da shi yanzu. Nemo mutane."

Na naɗe hannun riga na ce a ɗebi nawa. Aka gwada, bai dace ba. Na ƙanena ma bai dace ba. Na ce a faɗi kuɗi, ko nawa ne. Mai gwajin ta ce, "Malam, da a kanti yake da tuni na tura ka."

Na kasa zama, na kasa tsayawa. Daga wannan ƙarshen baranda zuwa wancan, ina kiran duk lambar da ke wayata. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba, ranar har wanda muka yi faɗa da shi na kira.

Ashe Terna bai tafi ba, yana waje yana wanke kujerar kekensa. Ya shigo ya ce, "Oga, a gwada ni. Matana ma jini ya kusa kashe shi a haihuwa."

Nasa ya dace.

Rabi ta farka da la'asar sakaliya. Abin da ta fara tambaya jaririya ce. Bayan nan zazzaɓi ya zo, ruwan nono ya ƙi zuwa, in ta ɗaga kai jiri ya mayar da ita. Kuɗin simintin da na ajiye duk ya tafi a magani, ban ji ciwonsa ba. Da aka sallame mu, ni ne mai ɗora ruwan zafi, ni ne mai gasa hanta, ni ne mai tuna mata ƙwayar ƙarin jini.

Ranar da ta fara takawa tsakar gida da kanta, ta dafa bango ta ce, "Baban Abba, ka ga yau uwa ta fito."

Inna ta yi dariya har da hawaye. Ni ban iya ba.

Na nemo Terna na miƙa masa kuɗi, ya zari na keke kawai. Na ce to bulo, a kai masa duk inda yake so. Ya ce, "Oga, ko fili ba ni da shi, a kaina zan ajiye?" Ya ja kekensa yana dariya. Tun ranar nake juyi. Komai nawa da gumina na same shi, amma matar da ke numfashi a ɗakina da jinin wani take numfashi.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitar nan da nas-nas ɗinta, da Iya Asabe da ta san iyakarta, da Terna.

Shawarata: ko a gida za a haihu, a je awo, kai kuma ka san irin jinin matarka tun cikin yana ƙarami. Ka ajiye lambar mai keke. In jariri ya faɗo uwa ta yi jinkiri, ko jini ya ƙi tsayawa, ba kwalba, ba jiran azahar. In ba ka gane maganar mata ba, cire kunya ka sake tambaya.

Jiya na koma ɗakin gwajin jini na ba da jini leda ɗaya. Na ce musu ba na son godiya, littafin masu bayarwa nake so a ɗauko. Jinina bai yi wa tawa ba, zai yi wa ta wani. A rubuta: Sabo Mai Bulo, Bukan Sidi. A sa sunan a sama, inda ido zai fara faɗawa ranar da ake gudu.