Injin da Ya Karanta Fuskar Hajiya Azumi

Jama'a, yau saura ƙiris kwamfuta ta kashe min aure tun ba a ɗaura ba!

Kun san injin da maigidana ya kawo shagonmu na Bawku daga Kumasi. Ka rubuta sunan kaya, ya fito da 'yar takarda mai baƙaƙen layuka, ka manna a buhu. In ka haska mata jar fitilarsa, sai ya yi ƙara, sunan ya bayyana a allo.

Ina cikin manna takardun a buhunan albasar da aka kawo daga garin Binduri, sai ga Hajiya Azumi, uwar yarinyar da nake nema. Ta zauna, ta jingina da buhu.

Ta dubi layukan takardar ta ce, "Wannan ai tsagar fuska ce. Injin yana karantawa?"

Na ce, "Sosai, Mama."

"To ya karanta tawa, in ji ko ya san asalina."

Na ce ba ya karanta mutum. Ta ce, "Au, ashe ƙarya kake yi?" Mai neman aure da ƙarya! Dole na haska mata kumatu.

Fiit! Wallahi ya yi ƙara!

Wani direba da ke tsaye ya karanta allon da ƙarfi: "Albasar Binduri, babban buhu."

Shago ya kaure da dariya. Ashe takarda ɗaya ce ta manne a mayafinta, gefen kunne. Na durƙusa ina ba da haƙuri.

Ta miƙe ta ce, "Albasa na yafe. Babban buhu ma, Allah ne ya ba ni. Amma Binduri? Ni da aka yanke cibiyata a Salaga? Gyara injinka kafin ka sake taka ƙofar gidana!"