Yadda Yaya Ilisoni Ya Rabu da Jirginsa

Yayana Ilisoni masunci ne, tun bai yi gemu ba yake fama da teku. Bai taɓa sanin ƙofar banki ba sai da matarsa Vasemaca ta kamu da ciwon ƙoda. Likita a Suva, babban birninmu, ya ce sai an riƙa yi mata wankin ƙoda, in ba haka ba a fara haƙuri. Wankin kuwa da kuɗi ake yi. Abin sayarwarsa ɗaya ne, jirginsa mai inji da ke ciyar da gidan.

Mai saye ya iso tsibirinmu ran Juma'a, wani mai fara'a wai shi Rusiate. Ya shigo da damin saiwar yangona, wadda muke jiƙawa mu sha a taro, ya zauna a tabarma, ya miƙa da hannu biyu. Dattawa suka tafa, aka daka, aka sha. A wurinmu wanda aka karɓi saiwarsa ya zama ɗan gida, ba a yi masa kallon tuhuma.

Sai ga shi ya zaro cek.

Na ja Yaya gindin kwakwa. "Yaya, wannan fa takarda ce kawai. Riƙe jirginka. Ku je banki tare ran Litinin, kuɗi su shiga hannunka, sannan ya ɗauka."

"Ke Salanieta, ba ki da kunya? Mutumin da muka sha a ƙoƙo ɗaya?"

"Ƙoƙon ne zai wanke wa Vasemaca ƙoda?"

"Rufe min baki, uwar tsiwa!"

Na koma gefe ina tafasa. Wallahi har mai Yaya ya cika wa mutumin a inji, ya haɗa shi da ƙunshin gwaza, ya tura masa jirgin cikin ruwa da hannunsa.

Muka bi jirgin fasinja muka kai Vasemaca Suva, ƙafafunta sun kumbura kamar gungume. Yaya ya kai cek banki, aka ce ya jira 'yan kwanaki. Da ya koma, yarinyar da ke aiki a kantar bankin ta kasa kallon idonsa. Cek ɗin na jabu ne.

Wayar Rusiate a kashe. Yaya ya bi tashar jiragen ruwa kaf yana tambayar masunta, yana kwatanta launin jirgin, har muryarsa ta dishe. Ya je wurin 'yan sanda, suka rubuta. Ya durƙusa wa ma'aikacin asibiti, shi da bai taɓa roƙon kowa gishiri ba. Ni da na ƙudurta sai na goranta masa, kuka ne ya ci ƙarfina.

Ba mu gaya wa Vasemaca ba. Ranar da aka cire sunanta daga layin masu wanki, ta buɗe ido da ƙyar, ta kama hannun Yaya.

"Maigida, mutumin kirkin nan ya isa gida lafiya?"

Yaya ya riƙe hannunta.

"Ya isa," ya ce.